Mabuɗin Rumbunku Yana Aljihun Ɗan Kwangila

Ranar da aka kira kashiyarmu ofishin shugaba aka ce kuɗi sun yi ɓatan dabo a hannunta, ina zaune a wurin, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Baiwar Allahn nan ta fi shekara goma tana karɓar kuɗin mambobin ƙungiyarmu ta adashi da lamuni, ko kwabo bai taɓa yin ciwon kai a teburinta ba. Sai ga takarda an bugo daga kwamfuta tana cewa abin da ta karɓa ya ɗara abin da ta kai banki. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a kawo Alƙur'ani in dafa." Shugaba ya ɗaga takardar ya ce, "Hajiya, kwamfuta ba ta ƙarya." Ta fita tana share hawaye da bakin mayafi. Aka dakatar da ita, kafin la'asar maganar ta riga ta isa unguwarsu.

Ba ta ɗauki ko sisi ba. Manhajar da muka saya hannun wani kamfanin tuntuɓa ce ke da lahani. In intanet ya yi tangal-tangal allon sai ya tsaya cik, ita kuwa ganin layi ya yi tsawo sai ta sake dannawa, manhajar kuma ta rubuta kuɗi ɗaya sau biyu. Abin da ya ci mutuncin matar aure mai 'ya'ya ke nan.

Wanda ya gano haka shi ne yaron da muka sallama. Shekara shida yana tare da mu. Shi ya gina mana rumbun bayananmu tun daga tushe, a kan PostgreSQL, wadda ba a biyan ko anini na lasisi a kanta, cikin wata kwamfuta da ke kusurwar ofis da batirinta. Da ya nemi a ƙara masa albashi, sai wani dattijo a kwamiti ya ce, "Wai shi me yake yi ne ma? Kullum yana zaune gaban kwamfuta, kuma ba abin da ke lalacewa." Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin dalilin da ya sa ba abin da ke lalacewa. Bayan 'yan watanni wasu mutane suka zo da kwat da majigi da Turanci mai santsi, suka haska mana hotuna a bango, aka sa hannu a kwangilar da kuɗinta zai biya albashin yaron na shekaru. Shi kuma aka ba shi takardar godiya.

Da abin ya faru mun kira kamfanin. Suka ce mu aika saƙon imel. Muka aika, suka ce kuɗin kulawa na shekara bai shiga ba, sai ya shiga za su duba. Muka ce to su ba mu damar shiga ainihin rumbun mu duba da kanmu, suka ce kwangila ba ta ce haka ba. Bayanan mambobinmu, kuɗin guminsu, bashin da ke kansu, sunayen magadansu, duk suna cikin wata saba da ba mu san ma garin da take ba, kuma kalmar sirri tana hannun mutanen da sai sun ga dama suke ɗaga waya. Da dare na kira yaron, ina jin nauyinsa. Na ce, "Ƙanena, ka yi haƙuri da abin da aka yi maka, ka taimaki wannan mata." Ya ce, "Yaya, da ina da mabuɗi aikin minti goma ne. Amma turo mini rahoton da aka buga." Kafin in kwanta ya dawo mini da shi ya ja layi a wurare: mamba ɗaya, kuɗi ɗaya, an shigar sau biyu, daƙiƙa kaɗan tsakani. Ya ce ƙa'ida guda ce aka manta a sa wa rumbun, wadda za ta hana lambar rasit ɗaya shiga sau biyu, kuma duk ɗalibin da ya yi darasin farko na SQL ya san ta.

Abin da nake so in faɗa wa shugabannin ƙungiyoyi, masu makarantu da asibitoci, manyan sakatarori da kwamishinoni, shi ne wannan: rumbun bayanai rumbu ne na gaske. Babu manomin da ke da hankali da zai zuba hatsin shekara a rumbu, ya kulle, ya miƙa mabuɗin ga baƙon da ya zo daga wani gari, sannan duk ranar da za a ɗebi tsaba sai an biya baƙon kuɗin mota. Amma haka muke yi da lissafin albashi, da fayil ɗin marasa lafiya, da sakamakon jarrabawar 'ya'yanmu, da rajistar filaye, muna kuma kiran abin ci gaba.

Mutane da yawa sun ɗauka manhaja kamar firji ce, ka saya ka jona ka manta. Rumbun bayanai ya fi kama da garke. Kullum yana ƙaruwa, kullum wani abu na shiga wani na fita, in ba makiyayi sai ya watse. Kuma ilimin da makiyayin ke tarawa ba a rubuce yake a ko'ina ba. Yaronmu ya san cewa Muhammad da Muhammadu da Mohammed da Mamman na iya zama mutum ɗaya, ya kuma san cewa Sani Abdullahi uku da muke da su mutum uku ne. Ya san matan da suka shiga da sunan uba suka koma sunan miji. Ya san dalilin da ya sa tulin dattawanmu ranar haihuwarsu 1 ga Janairu ce, don haka bai taɓa dogara da ita wajen bambance mutane ba. Ya san mamban da aka mayar daga ƙaramar hukuma zuwa jiha ya zo da lambar albashi biyu. Ya san cewa rancenmu babu ruwa a cikinsa, domin mambobi ba su yarda da riba ba, ya san rancen ragon layya da na shinkafar azumi da yadda ake cire su, ya san abin da ake yi in mamba ya rasu aka zo rabon gado. Manhajar kamfanin kuwa an ɗinka ta ne don wasu mutane dabam, tana lissafa kuɗin ruwa da kanta, sai da muka biya ƙarin kuɗi kafin a kashe wannan ɓangaren. Kowane gyara da kuɗinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, mu kuwa muka kori mai ɗakin muka ɗauko wanda ake biya duk lokacin da ruwa ya zubo.

Ga kuma aikin da ba a gani. Ɗaukar kwafin ajiya kowane dare, da gwada dawo da shi lokaci-lokaci don a tabbatar yana aiki, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba tamkar babu ne. Duba wanda ya shiga ya canza adadi, da ƙarfe nawa, daga wace kwamfuta. Rufe ƙofar ma'aikacin da ya bar aiki. Lura da cewa rahoton da ke fitowa cikin daƙiƙa biyar bara yanzu yana cin minti uku, a gyara tun bai tsaya ba. Wannan aikin na mutumin da ke zuwa ofis ɗinka kowace safiya ne, wanda in albashi ya makara shi ma nasa ya makara, wanda zai haɗu da kashiya a bakin famfo yana alwala ya ga idonta ya yi ja.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙaramar ƙungiya ce a ƙasar da wuta ba ta tsayawa. A Birtaniya, hukumar gidan waya ta fara amfani da wata manhajar lissafi mai suna Horizon a 1999, wadda kamfanin Fujitsu ke riƙe da ita. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a ƙananan rassa, su kuma masu kula da rassan yarjejeniyarsu ta ce duk giɓin da aka samu su za su cike. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 bisa zargin sata ko almundahana. Wasu suka sayar da gidajensu don su biya kuɗin da ba su ci ba, wasu suka shiga kurkuku, har da mace mai juna biyu, aure ya mutu, wasu suka kashe kansu. Duk wanda ya buga waya ya koka sai a ce masa shi kaɗai ne ke da wannan matsala. Ɗaya daga cikin kurakuran, wanda aka laƙaba wa sunan garin Dalmellington a Scotland, da na karanta shi sai da tsigar jikina ta tashi: allon yana daskarewa, duk lokacin da ma'aikaci ya sake danna maɓalli sai manhajar ta sake rubuta kuɗin, har giɓin ya kai fam 24,000 a reshe ɗaya. Ciwon kashiyarmu ke nan sak, a ƙasar da ake ce mana komai nata daidai yake.

Shekaru hukumar tana rantsuwa cewa babu mai iya taɓa lissafin reshe daga nesa. Ashe ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga daga ofishinsu na Bracknell su canza adadi. Mujallar Computer Weekly ta fara tono maganar tun 2009, amma sai da Alan Bates, wani tsohon mai kula da reshe, ya haɗa mutum 555 suka kai ƙara, sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar cike take da kurakurai. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a rana ɗaya, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi doka ta musamman don soke sauran hukunce-hukuncen. Shugabannin hukumar suna da babban laifi, sun ɓoye abin da suka sani, sun fifita sunan hukuma a kan rayukan mutane. Amma tushen abin shi ne hukumar da ke kai mutane kotu da hujjar lissafi ta dogara ne ga kamfanin da ya rubuta manhajar don ya gaya mata ko manhajar lafiya take. An ba kura ajiyar nama, aka kuma sa ta shaida a shari'ar ɓatan naman.

Kanada ma ta ɗanɗana. Gwamnatin tarayya ta ba IBM kwangilar sabon tsarin biyan albashi mai suna Phoenix, aka gina shi a kan manhajar PeopleSoft, da lissafin cewa za a riƙa tsimin dala miliyan 70 ta Kanada kowace shekara. Ta ina tsimin zai fito? Ta hanyar rage ɗaruruwan tsofaffin ma'aikatan albashi, waɗanda suka haddace ƙa'idojin kowace ma'aikata, a tattara aikin a garin Miramichi hannun sababbi. Aka kunna shi a Fabrairun 2016. Dubun dubatar ma'aikata suka shiga uku: wani a biya shi rabi, wani a ninka masa sannan a dawo ana binsa bashi, wani a yi watanni ba ko sisi. Babban mai binciken kuɗi na ƙasar, Michael Ferguson, a rahotonsa na 2018 ya ɗora laifin a kan manyan jami'an da suka yanke wasu sassan aikin da gwaje-gwaje don kada kasafi ya ƙaru. Gyaran ya lashe biliyoyin daloli, har ta kai gwamnati na roƙon waɗanda suka yi ritaya su dawo su taimaka. Mutanen da aka ce su ne ɓarnar kuɗi, su aka koma nema.

Mu ma a nan mun ga namu. An fara tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya na IPPIS a 2007 da tallafin Bankin Duniya, da kyakkyawar manufar kakkaɓe ma'aikatan bogi, ba kuma na musun cewa an kakkaɓe wasu. Amma da aka ce jami'o'i su shiga, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ce tsarin bai san yadda jami'a ke aiki ba: malamin da ke hutun bincike na shekara a wata jami'a, malamin ziyara, farfesan da ke ritaya a shekara 70, alawus na duba kundin ɗalibai. Malaman suka zauna suka gina nasu, UTAS. Rigimar nan tana cikin abubuwan da suka rufe jami'o'in gwamnati kusan wata tara a 2020, da wata takwas a 2022. A Disambar 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Ba na cewa UTAS ba ta da aibu, kuma na san akwai shugabannin jami'o'in da ba sa son ido a kan takardar albashinsu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne 'ya'yan talakawa sun yi asarar shekarun karatu a kan abin da ƙwararrun ma'aikatan gwamnati, da a ce tsarin a tafin hannunsu yake, za su iya zama da malamai su daidaita shi cikin 'yan watanni.

To me ya sa shugabanni ke gudun ɗaukar ƙwararre su rungumi kwangila? Mu daina ɓoye-ɓoye. Albashi ba ya fitar da kaso. Ba a yi wa sabon ma'aikaci bikin ƙaddamarwa, ba a kiran 'yan jarida, ba a yanka zare. Kwangila kuwa tana da kason wanda ya kawo ta, da na wanda ya sa hannu, da na wanda zai ce an kammala. Ko inda babu cin hanci akwai tsoro: in ma'aikacinka ya yi kuskure kai za a tambaya, in kamfani ne sai ka ɗaga kafaɗa ka ce ai ƙwararru muka ɗauko. Sannan akwai raini, wanda ya fi komai ci mini tuwo a ƙwarya. Yaron da ya tashi a unguwarku, ya yi karatu a Bayero ko Ahmadu Bello, yana gaishe ka da rusunawa, ba ka ganin ƙwarewarsa. Sai wanda ya sauka daga jirgi da kati mai sheƙi. Alhali in an sa hannu, manyan da suka zo da kwat ba ka sake ganinsu. Aikin yakan faɗa hannun wasu yara ne sa'o'in wanda ka kora, wani lokaci ma masu bautar ƙasa, ana biyansu abin da bai kai nasa ba, kuma kafin shekara ta zagayo sun bar kamfanin da duk abin da suka koya game da kai. Baƙo raɓa ne.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a ɗakin taro. Za a ce ƙwararrun ba sa zama, ka horar da yaro ya tsere Legas ko Turai, ko ya zauna a ɗakinsa yana yi wa kamfanin waje aiki ana biyansa da dala. Gaskiya ne suna tafiya. Amma a tambayi dalili. Ka ajiye mutumin da ke riƙe da lissafin miliyoyin naira a matakin albashi ɗaya da mai buga takardu, ka mayar da shi mai gyaran firinta da saita wayar oga, ka hana shi kuɗin kwas, sannan ka yi mamaki ya tafi? Kuɗin da ake ce babu in ana maganar albashinsa, shi ne ke fitowa ninki-ba-ninki in ana maganar sabunta lasisi, wanda sau da yawa da dala ake lissafa shi, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun 2023. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha. Madalla. Amma in ma'aikatunmu da kamfanoninmu ba za su ɗauke su aiki na dindindin ba, to wa muke yi wa noman?

Za a kuma ce dogara da mutum ɗaya haɗari ne, in ya mutu ko ya yi fushi fa? Wannan magana ce mai kyau, maganinta kuma a ɗauki biyu, babba da mataimaki, a wajabta musu rubuta yadda komai ke aiki, a ajiye kalmomin sirri a rufe a hannun amintattu, a kawo mai bincike daga waje sau ɗaya a shekara ya duba aikinsu. A nan ne kamfanin tuntuɓa ke da amfani, ban kuma ce a kore su daga duniya ba. Aikin da za a yi sau ɗaya a gama, kamar ƙaura daga tsohon tsari zuwa sabo, ko binciken tsaro, ko horar da ma'aikata, a kira su, a biya su haƙƙinsu. Mai ƙaramin kanti ko makarantar da ba ta iya ɗaukar ma'aikaci, ta yi hayar manhaja, babu laifi. Amma ko wane ne, kada ya sa hannu sai takarda ta ce bayanan nasa ne, babbar kalmar sirri tana hannunsa, kuma duk ranar da ya so zai kwashe kayansa cikin sigar da wata manhajar za ta iya karantawa, ba tare da biyan kuɗin fansa ba. Kuma dole a samu mutum a cikin gida wanda zai iya kallon ɗan kwangila ido cikin ido ya ce masa wannan aikin bai yi ba. In babu shi, ko farashi ba ka iya tayawa, domin ba ka san abin da kake saya ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ma ba ta sauke maka nauyi don ka ba wani kwangila ba. In bayanan marasa lafiyarka suka fita, kai ne mai asibitin, kai za a nema.

Kashiyarmu ta koma bakin aiki bayan mako biyar. Ba a rubuta mata takardar ban haƙuri ba, ba wanda ya je unguwarsu ya wanke ta a gaban waɗanda suka ji labarin farko. Kamfanin ya gyara kuskuren, ya kuma turo mana takardar kuɗin gyaran, aka biya. Na nemi a dawo da yaron, na same shi ya riga ya kama aiki da wasu mutanen waje, daga ɗakinsa, ya ce mini cikin ladabi, "Yaya, na gode, amma a nemi wani, akwai yara da yawa masu iyawa, zan ma taya ku tantancewa." Wata mai zuwa kwangilar za ta ƙare, an riga an sa sabuntawa a ajandar babban taro, kuma na faɗa wa shugaba a gaban kowa cewa zan tashi in karanta wa mambobi adadin da muka biya kamfanin tun farko, kusa da albashin da aka ce ya yi yawa. Ita kuwa Hajiya yanzu akwai wani babban littafi mai baƙin bango a ƙarƙashin teburinta. Duk kuɗin da ta karɓa sai ta rubuta da biro, mamba ya sa hannu, kafin ta taɓa kwamfutar.